Ɗaurin Ƙugiya Da Zaɓen Mariƙinta

In kaka ta wuce an kai amfanin gona rumbu, manoma da yawa na ƙasar Wudil sukan ajiye fartanya su nufi bakin kogi. Waɗansu lambu suke yi, waɗansu ɗiban yashi, waɗansu kuwa su. Darasin wannan mako na masu kamun kifi da ƙugiya ne, ko da fatsa ko da mamari, da 'yan kasuwan da ke sayar musu da kaya, da ma'aikatan da ke zuwa bakin ruwa ranar hutu. Za a yi bayanin yadda ake zaɓen ƙugiya, da yadda ake ɗaura ta, da wani ɗan ƙarfe mai riƙe ta lokacin ɗauri, wanda za a kira shi mariƙi.

Halin Kogin Wudil

Kogin da ya ratsa ƙarƙashin gadar Wudil haɗuwar ruwa biyu ne, watau Kogin Kano da Kogin Challawa. Daga nan sai ya miƙa ta Ringim da Haɗejiya, ya shiga fadamun Nguru, ya bi ta Gashuwa har ya kai Tafkin Chadi. A da, in rani ya yi nisa, kogin yakan zama yashi, ban da 'yan gurabe nan da can. Amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, al'amarin ya sake. Ana tare ruwan damina a riƙa sakinsa a hankali, saboda haka akan sami ruwa mai gudu har da rani. Sai dai kuma ambaliyar da takan malale fadamu, inda kifi ke zuwa ya yi ƙwai 'ya'yansa su girma, ta ragu.

Abin da wannan ya jawo wa masunci abu biyu ne. Kwanakin su sun ƙaru a shekara, amma babban kifi ya yi wuyar samu. Wanda ya kwana uku yana jiran ramboshi ɗaya, in ya zo ya kama, sa'an nan ƙulli ya kwance ya tafi da ƙugiya a baki, to, an yi hasarar kuɗin cefanen mako guda a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Sanin Ƙugiya

Ƙugiya tana da gaɓa biyar. Akwai tsini, akwai kunne wanda ke hana ta fita daga bakin kifi, akwai gwiwa inda ta lanƙwasa, akwai ƙafa watau miƙaƙƙen jikinta, sa'an nan akwai kai inda ake ɗaura zare. Kai iri biyu ne: wani yana da ido da ake zura zare ciki, wani kuwa an buge shi ne ya yi faɗi, ba shi da ido. Mai faffaɗan kai ta fi araha, ita aka fi sa wa mamari, amma ta fi wuyar ɗauri.

A zamanin da maƙeran gida ke ƙera ƙugiya. Daga baya na Turawa suka cika kasuwa. Garin Redditch na Ingila ya yi suna wajen ƙirar allura da ƙugiya, kuma a ƙasar Norway kamfanin Mustad ya soma yin ƙugiya da inji a 1877, har kayansa masu tambarin mabuɗi suka zama sananni a kasuwannin Afirka ta Yamma. Yau akwai na ƙasashe da yawa, masu kyau da marasa kyau, a kwali iri ɗaya.

Akan rubuta lamba a jikin kwali. Ƙa'idar ita ce, lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa, watau mai lamba 14 ba ta kai mai lamba 8 girma ba. Amma in an ga lamba da sifiri a gefe, kamar 2/0 ko 5/0, to, a nan lamba na hawa ƙugiya na girma. Sai a lura, lambar wannan kamfani ba lalle ta yi daidai da ta wancan ba. Saboda haka kada mai saye ya dogara ga lamba kaɗai. Ya buɗe kwali ya duba faɗin da ke tsakanin tsini da ƙafa, ya kwatanta shi da bakin kifin da yake nema. Ƙarfasa da kawara da ƙurungu ƙaramin baki gare su, ƙaramar ƙugiya suke so. Tarwaɗa da ramboshi da ragon ruwa kuwa sai mai faɗi mai kauri.

Kafin a biya kuɗi a yi gwaji biyu. Na fari, a ja tsinin a kan farcen babban yatsa: in ya kama ya yi zane, yana da kaifi, in ya zame, dakusasshe ne. Na biyu, a ɗauki ɗaya a buɗa ta da filaya. In ta miƙe nan da nan kamar waya, ƙarfenta ɗanye ne, babban kifi zai miƙar da ita. In ta karye ƙas kamar kwalba, an ba ta wuta fiye da kima. Ta ƙwarai takan yi gardama, ta ɗan buɗe ta komo. Ƙugiya ɗaya da aka ɓata wajen gwaji ta fi ɗari da aka saya a makance.

Amfanin Mariƙi

Yawancin masunta da hannu suke ɗauri, hagu ta riƙe ƙugiya, dama ta naɗa zare, haƙori ya ja. Tsofaffin da suka tashi cikin sana'ar suna yi ba tare da sun duba ba, kuma ba a ce su bari ba. Amma manomin da ya shiga su da rani kaɗai, hannunsa bai saba ba. Ƙugiya takan juya a yatsa, naɗi ya hau kan juna, ƙulli ya fito sako-sako, wani lokaci tsini ya shige nama.

A ɗauki misali. Mutum yana da mamari mai ƙugiya 300. In ɗaya cikin ko wace 10 ba ta ɗauru sosai ba, ƙugiya 30 ke nan ke jiran ranar tsinkewa. Ƙaramin kifi ba ya iya kwance su, sai babba, wanda shi ne mai kuɗin. Watau mugun ƙulli yakan bar wa mai shi ƙanana ya sallami manya.

Mariƙi ɗan ƙarfe ne mai leɓe biyu da ke matse ƙugiya ta tsaya cik, hannu biyu su sami sukunin aiki. Dangin wanda makanikai da masu gyaran agogo ke matse ƙarfe da shi ne, sai dai bakinsa siriri ne. Waɗanda suka fi kyautata ƙirarsa su ne Turawa masu kamun kifi da ƙwaron ƙarya, watau ƙugiyar da aka naɗa wa gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi. Dabarar tsohuwa ce. Wani marubucin Rum mai suna Aelian, wajen shekara ta 200, ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya su kama kifi. A Ingila kuma an buga wani littafi a 1496 wanda ya bayyana irin waɗannan ƙwari guda 12. Su ma da hannu suka yi ta ɗauri shekaru aru-aru, sai cikin ƙarni na 19 mariƙi ya soma yaɗuwa. A ƙasar Kenya wannan ɗauri ya zama sana'a, maza da mata suna zaune a ma'aikatu, ko wane da mariƙinsa, ana kai abin da suka ɗaura Turai da Amurka ana sayarwa.

Abin Dubawa Wajen Zaɓe

Abu na fari shi ne riƙo, gama in ba riƙo sauran duk ado ne. Mai saye ya tafi kasuwa da ƙugiyarsa iri uku a aljihu, ƙarama da matsakaiciya da babba. Ya sa ko wace a bakin mariƙin ya matse, sa'an nan ya danna kanta ƙasa da yatsa. In mariƙin na kirki ne, ƙugiyar za ta soma lanƙwasa ba ta motsa daga wurinta ba. In ta sulluɓe ko ta sunkuya, a ajiye shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na biyu, leɓunan. A rufe su ba kome a ciki, a ɗaga wajen haske. In ana hango haske ta tsakani, ba su haɗu daidai ba, ƙaramar ƙugiya ba za ta zauna ba. Lalle ne su zama na ƙarfe mai tauri. A goga magagari a gefe: in ya ci da sauƙi, ƙarfen mai laushi ne, ba da jimawa ba ƙugiya za ta yi masa kwari a baki. Kuma bakin ya zama mai tsini-tsini, don kada ya rufe rabin ƙugiyar ya hana yatsa wurin aiki.

Na uku, yadda ake matse shi. Iri uku ne. Akwai mai noti da ake murɗawa. Shi ya fi araha, ya fi sauƙin gyara, amma yana da nawa. Akwai mai hannu da ake dannawa sau ɗaya ya kulle. Wannan ya fi dacewa da mai ɗaura ƙugiya ɗari-ɗari masu girma ɗaya, gama sau ɗaya ake daidaita shi. Akwai kuma mai sifirin, wanda ake matsa hannunsa ya buɗe, a saki ya kama. Yana da sauri ƙwarai, amma in sifirin ya mutu sai a sha wuya kafin a sami wani.

Na huɗu, mazauni. Wani akan maƙala shi a gefen tebur a ɗaure da noti daga ƙasa, wani kuwa yana tsaye bisa faifan ƙarfe mai nauyi. Na tebur ya fi tsayawa daram, ya fi sauƙin ɗauka, ma'aikaci mai tebur a ɗaki sai ya zaɓe shi. Amma yawancin masunta a tabarma suke aiki ko a gindin itace. Su mai faifai ya fi musu, ko kuwa a kafa na tebur a jikin ɗan benci, ko guntun katako mai kauri da mutum zai taka da ƙafa. A lura tsawonsa ya kawo ƙugiya daidai ƙirjin mai aiki in yana zaune, don kada wuya da baya su yi ciwo.

Na biyar, juyi. Akwai masu tsada waɗanda kansu ke juyawa, ƙugiya ta riƙa mirginawa ana ganin cikinta da bayanta. Wannan yana da amfani ga mai naɗa gashi don sayarwa. Mai ɗaura mamari ba ya bukatarsa, kada ya ba da kuɗinsa a kai.

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce shaidar kyau ba. Mariƙi marar fenti mai riƙo ya fi mai ƙyalli da ke sakin ƙugiya.

Wanda Za A Yi A Gida

Ba lalle sai an aika Turai ba. A kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Sabon Gari a Kano akan sami ƙaramar filaya mai kulle, irin wadda in an matse take riƙewa da kanta. A zaɓi mai dogon baki. A kai wa mai walda ya liƙa hannunta na sama a kan rodi mai tsawon kamar inci 8, ya kafa rodin a kan guntun ƙarfe mai faɗi mai nauyi, bakin filayar yana ɗan kallon sama. Sai a goge haƙoran bakin da magagari ko dutsen inji su yi sumul, gama haƙori yakan yi wa ƙugiya rauni, daga wurin raunin kuwa take karyewa. A gaya wa mai walda kada wuta ta kusanci bakin, don zafi yana kashe taurin ƙarfe.

Maƙerin gari ma yana iya ƙera shi da guntun sifirin mota: ya tsaga leɓe biyu, ya huda su ya sa noti mai kunne, ya daidaita bakin, sa'an nan ya gasa ya tsoma a mai don ya yi tauri. A kai masa ƙugiyar da za a yi aiki da ita ya gwada a gaban mai shi. Ranar Juma'a da kasuwar Wudil ke ci, ba a rasa maƙera da masu kayan ƙarfe da za a yi wannan magana da su. Mutum uku ko huɗu masu su a gurbi ɗaya suna iya haɗa kuɗi su yi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa.

Yadda Ake Ɗauri

A sa ƙugiya a mariƙi ta wajen gwiwa, ƙafarta a kwance, kanta na duban hannun dama. Kada a matse tsini ko kunne, gama nan ne ƙarfe ya fi sirantaka. A matse daidai yadda ba za ta motsa ba, kada a wuce haka.

Zaren da aka fi aiki da shi yanzu na roba ne, wanda Turawa ke kira nailan. Kamfanin DuPont na Amurka ya ƙago shi a 1935, daga baya ya ture zaren auduga da na rama a wajen masunta. Ba ya ruɓewa a ruwa, amma yana da santsi, kuma rana tana cinsa. Saboda santsin nan, ƙullin da ya isa a zaren auduga ba ya isa a nan.

In ƙugiya mai faffaɗan kai ce, a shimfiɗa zaren a jikin ƙafarta, bakinsa na duban gwiwa. A lanƙwaso shi a yi zobe, sa'an nan a naɗa gefen zoben a kan ƙafar da zaren gaba ɗaya, sau 7 ko 8, naɗi na bin naɗi ba mai hawa kan wani. A jiƙa da miyau, a ja doguwar igiyar a hankali har zoben ya shige, naɗin ya taru a gindin kai. Dalilin jiƙawa shi ne, in an ja zaren roba a bushe yakan yi zafi ya raunana a daidai ƙullin. Abin lura babba: zaren ya fito ta cikin ƙugiya, watau ta gefen da tsini yake, ba ta baya ba. In ya bi ta baya, gefen faffaɗan kan zai riƙa gugarsa har ya yanke.

In mai ido ce, a zura zare a idon, a murɗa bakinsa a jikin doguwar igiyar sau 5 ko 6, a komo da shi ta ƙofar da ke kusa da idon, a sake zura shi ta zoben da ya samu, a jiƙa a ja. A bar ɗan saura kamar tsawon ƙwayar shinkafa, kada a yanke a gindi.

Ko wace ƙugiya aka gama, a ja ta da ƙarfi tun tana cikin mariƙi. Wadda za ta kwance ta kwance a gida. In mamarin na koto ne, tazarar da ke tsakanin ƙugiya da ƙugiya ta fi ninkin tsawon zaren da ko wace ke rataye da shi, don kada biyu su haɗu su sarƙe.

Ƙwaron Ƙarya

Mai mariƙi yana iya gwada dabarar gashi, kayanta duk suna cikin gida. A naɗe ƙafar ƙugiya da zaren ɗinki mai ƙarfi daga kai zuwa gwiwa. A naɗa siririyar takardar alewa mai ƙyalli a kai ta zama ciki. A ɗauki farin gashin wuyan zakara biyu, ko na zabo, ko 'yan silin gashin wutsiyar akuya, a kwantar a bisa su zarce gwiwa kaɗan, a ɗaure su a wajen kai. A ƙulle sau uku, a ɗiga man farce irin na mata don kada ya warware. In ana jansa a ruwa da ɗan fizga, sai ya yi kama da ɗan kifi mai gudu.

Amma fa ba ko wane kifi ake ruɗa da shi ba. Masu farauta da ido, kamar tsage da giwar ruwa, su ke kai masa bara, kawara kuma takan ɗauki ƙarami mai kama da shinge a bisa ruwa. Yana aiki in ruwa ya kwanta ya yi garau, watau da rani, ba cikin jan ruwan damina ba. In tsage ake nema, a sa ɗan guntun waya tsakanin ƙugiya da zare, gama haƙoransa suna datse roba. Tarwaɗa kuwa da ƙanshi da gashin baki take neman abinci a ƙasan ruwa, ita sai tana, ko gara, ko hanjin kaza.

Kiyayewa

Bayan aiki a share mariƙi, a ɗiga mai a notinsa, a bar bakinsa a sake, a ɗaga shi inda yara ba su kai. A shanya mamari a inuwa, a soke ƙugiyoyi a jere a jikin kara ko gefen ƙwarya. Wadda ta yi tsatsa a gwiwa a cire ta a binne, kada a yar inda ake tafiya ba takalmi. In ƙugiya ta shiga nama har kunne ya nutse, kada a fizge ta baya. A yanke zaren a tafi asibiti a cire, a kuma nemi allurar rigakafin cutar nan mai sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi. Wanda ke yawan shiga ruwa, in ya ga jini a fitsarinsa, tsargiya ce mai yiwuwa, tana da magani, ya je a duba shi.

Har wa yau a tuna, dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana kashe kifi da guba ko nakiya ko lantarki. Mai zuba maganin ƙwari a gurbi yakan kwashe na kwana ɗaya ya kashe na shekara, ya kuma sa masu ci cikin hatsari. Ƙugiya ba ta yin wannan ɓarna, musamman in mai ita yana mai da ƙananan da ba su isa ci ba cikin ruwa. Baƙo a gurbi kuma ya fara gai da Sarkin Ruwa na wurin ya ji ƙa'idarsu kafin ya shimfiɗa mamari.

Wanda ke da niyyar su a ranin bana, ya tanadi mariƙi da ƙugiya tun yanzu, ya ɗaura 20 ya gwada su da jan hannu kafin ya sayi sauran. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na gundumarsa. Allah ya ba da sa'a, ya kiyaye mu da sharrin ruwa.